Damo a Cikin Durum

 Shirinmu na musamman na yau a kan damo yake, dabbar da Bahaushe ya naɗa wa sarautar haƙuri. A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Kunchi da Minjibir, idan damina ta kankama akan ga yara sun tono damo sun ɗaura masa igiya a ƙugu, ko mai maganin gargajiya ya ajiye shi a durum ko keji yana tara jama'a da shi ranar kasuwa. Wasu don nama suke tsare shi, wasu kuma sha'awa ce kawai, irin ta mai tattabaru ko zomo. Maganar da nake so mu bi diddiginta ita ce, lafiyar damo tana rataye ne a kan abubuwa uku: ramin da yake kwana, ranar da yake sha, da cimar da ke bin zagayowar damina da rani. Duk wanda ya ɗauko shi daga gona ya ɗauko wannan nauyi tare da shi, kuma nauyin ya fi yadda ake zato.

Bari mu fara da sanin wanda muke magana a kansa. Ɗan uwansa guza na bakin ruwa ne, shi ake gani a fadama da gefen madatsun ruwa irin na Tomas da Watari, kuma yana iya kai tsawon mita 2. Damo kuwa ɗan tudu ne, gajere mai kauri, da wuya ya wuce mita 1. Wani Bafaranshe masanin halittu, Louis Bosc, shi ya fara siffanta shi a rubuce a 1792, shi ya sa har yau wasu Turawa ke kiransa da sunan mutumin. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. Malamanmu sun saba fassara wata dabba ta Larabawa da ta zo a hadisai da sunan damo, alhali waccan wani ƙadangaren hamada ne mai ƙayoyi a wutsiya, danginsa na nan a duwatsun Abzin, kuma ganyaye ne yawancin abincinsa. Damonmu ba ya rayuwa da ganye. Wanda ya zuba masa harawa ko dusa ko sauran tuwo, ya bar shi da yunwa ne ko da kwanon cike yake.

To me yake ci? Wani masani ɗan Senegal, Mamadou Cissé, ya buɗe cikin damo masu yawa ya wallafa abin da ya gani a 1972, daga baya kuma Daniel Bennett, ɗan Ingila, ya bi su a gonakin Ghana. Abin da suka tarar kusan ɗaya ne: ƙadandoniya, da gyare, da fara, da buzuzu, da gwazarma, da kunama, da dodon koɗi, wanda manyan damo ke murƙushewa da dasassun haƙoransu na baya. Ɓera da tsuntsu ba su da wani yawa a ciki. Abin da ya fi muhimmanci a binciken Cissé shi ne lokaci. Damo yana cin abinci ne kamar wanda ya san ba gobe muddin akwai ruwan sama, ya tara kitse a cikinsa da gindin wutsiyarsa. Da ƙasa ta bushe sai ya shige rami ko suri ko kogon bishiya, ya yi watanni yana rayuwa da abin da ya tara. Wato jikinsa rumbu ne da aka gina don a cika shi da kaka a kwashe shi da bazara. Manomin gero ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Abin da ke faruwa idan aka yi ta cika rumbun ba a ɗiba, mun gan shi a ƙasashen waje. Alƙaluman yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sun nuna an yi fataucin damo masu rai sama da 600,000 daga 1975 zuwa 2005, akasari daga Ghana da Togo da Benin, kuma Amurka ce babbar kasuwarsu. A can mutum yana da kuɗi, yana da kyakkyawar niyya, sai ya sa damo a akwatin gilashi yana ba shi ɓeraye shekara zagaye. Likitocin dabbobi sun san abin da ke biyo baya: ƙibar da ta wuce kima, hanta ta cika da kitse, ƙoda ta gaza, gaɓoɓi su kumbura. Damon da bai sami hasken rana na gaskiya ba kuwa, jikinsa ya kasa haɗa bitamin D, ya kasa riƙe sinadarin kalsiyam, ƙashinsa ya yi laushi har muƙamuƙinsa ya lanƙwashe. Irin wannan kuskure ake maimaitawa a nan gida idan aka ce a faranta wa damo da kayan cikin kaza da kitsen mahauta kowace rana.

Mai ja zai ce, ai wannan matsalar Turawa ce, mu nan ƙasarsa ce, rana kyauta, fara kyauta. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne: mutumin Gezawa ba ya bukatar fitilar maye gurbin rana da mutumin Landan ke saya da tsada. Sai dai rana rabin magana ce. Damo ba ya samar wa jikinsa ɗumi, fita yake yi da hantsi ya kwanta kan ƙasa mai zafi har jininsa ya motsa, sannan ya koma rami, inda akwai sanyi da laima. Wannan shiga da fita ita ce ke daidaita shi. A watan Afrilu zafi a Kano yana taɓa digiri 40, kuma cikin durum na ƙarfe ko ƙarƙashin kwano ya wuce haka nesa, ga shi ba wurin gudu. Da hunturu kuwa busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jikinsa a hankali, saɓarsa ta maƙale a yatsu da bakin wutsiya. Saboda haka wanda ya nace sai ya ajiye shi, mafi ƙanƙantar abin da ya wajaba shi ne killataccen fili kamar ƙafa 8 da ƙafa 4, gefe rana gefe inuwa, da ƙasa mai zurfin sama da rabin mita wadda rami zai tsaya a cikinta, ana yayyafa mata ruwa, da kasko na ruwa mai tsafta. Igiyar ƙugu ba ta cikin lissafi ko kaɗan, domin cin fata take yi har ta zama gyambo. Farar da za a ba shi kuma kada ta fito daga gonar waken da aka yi wa feshi. A riƙa duba masa kaska a hammata da gefen hanci, kuma duk yaron da ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, domin kashin irin waɗannan dabbobi yana ɗauke da ƙwayar Salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi.

Wani kuma zai ce, dabbar da ke wata da watanni ba ci, me zai dame ta a ɗaure? A nan ne kirarin nan na sarkin haƙuri yake cutar da mai shi. Azumin damo a rami azumin wanda ya shirya ne, ya ƙoshi tukuna, ya sami wuri mai laima, jikinsa ya rage aiki. Ƙin cin abincin damon da ke cikin durum a tsakiyar Agusta, lokacin da 'yan uwansa ke ta farauta, ciwo ne ko firgici. Akuya tana kuka, kaza tana rakuɓewa kowa ya gani, shi kuwa ba shi da murya sai huci, don haka sai an san inda za a duba: gindin wutsiya ya motse, ƙashin ƙugu ya fito, idanu sun faɗa. Damo mai lafiya yana kumbura wuya, yana huci, yana bulala da wutsiya. Wanda ya kwanta lamo ana ɗagawa ana juyawa, sau da yawa ba sabo ya yi ba, ƙarfi ne ya ƙare. Kuma Musulmi ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda nake ganin tana da ciwo: ina dajin da za a bar shi? Tun shekarun 1960 wani masani, Michael Mortimore, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ana nome ta duk shekara, ga karnukan farauta, ga masu neman fata. Amma damo ba ɗan ƙungurmin daji ba ne. Bennett a gonaki ya same su da yawa, kuma a nan ma iyakokin gona masu gamba, da shingen aguwa, da tsofaffin surai, da gindin kuka da gawo, su ne gidansa, yana kuma rage wa manomi fara da gwazarma ba tare da lada ba. Tsare shi ba ya ƙara yawansa, domin da wuya ya hayayyafa a hannun mutum, kuma macen da aka kama da kaka tana iya kasancewa ɗauke da ƙwai 20 ko fiye. Dokar Nijeriya ta 1985 kan namun dajin da ke cikin haɗari ma ta ambaci damo da guza cikin waɗanda ta kare. Wanda ke da shi a gida yanzu ya ga ba zai iya cika sharuɗɗan nan ba, ya mayar da shi kusa da inda aka kamo shi, da hantsi, gefen suri ko shinge mai duhu, kuma gara ya yi haka tun ƙasa na da danshi, kafin a yanke gero, don ya sami sauran makonnin da zai tara kitsen rani.