Neman Shugabanci a Ƙungiyar Malaman Ba da Shawara: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An buga wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasashensu suka ƙunshi Na'ibawa da unguwannin ma'aikata na Sharaɗa da Calawa da Bompai. Dalili kuwa shi ne, in zaɓe ya matso a ƙungiyoyin ma'aikatan ilmi, mai neman muƙami yakan zo gaisuwa gidan Hakimi yana neman albarka. Cikin masu zuwa har da malaman ba da shawara, waɗanda jama'a da yawa ba su san aikinsu ba. Ya kamata Hakimi ya san ko su wane ne, da yadda suke zaɓen shugabanninsu, da inda hannunsa zai tsaya cikin al'amarin.

Asalin aikin

Malamin ba da shawara shi ne wanda aka hore shi ya zauna da ɗalibi, ya duba inda ƙwazonsa ya fi ƙarfi, ya nuna masa darussan da za su kai shi ga aikin da yake so. Ba shi ne mai horon yara da bulala ba, ko da yake a wasu makarantu akan ɗora masa wannan, kuskure ne kuwa, gama yaro ba ya faɗa wa mai bulala damuwarsa.

A Amurka aka fara mai da wannan aiki sana'a, sa'ad da wani mutum mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba samari shawara a birnin Boston cikin 1908. A Nijeriya kuwa an fara shi a Ibadan cikin 1959, a makarantar 'yan mata ta St. Theresa's. Malaman makarantar suka ga 'yan ajin ƙarshe za su fita ba su san inda za su nufa ba, sai suka gayyato ma'aikata iri iri su yi musu bayanin ayyukansu. Abin ya yi amfani, wasu makarantu suka ɗauka, har ya zama majalisa ta ƙasa duka cikin 1967. Cikin 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta Nijeriya a Ibadan, Farfesa Olu Makinde ya zama shugabanta na farko. Ita ce aka sani da CASSON, tana kuwa da rassa a jihohi. Tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar cikin 1977 ya ce a sa irin waɗannan malamai a makarantun sakandare, sa'an nan cikin 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a.

Abin da ya sa ya shafi Na'ibawa

Duk wanda ya san hanyar Zariya ya san Na'ibawa wurin neman abinci ne. Ga kasuwar 'Yan Katako, ga 'Yan Lemo, ga tashar mota. Da yawa cikin magidantan wannan yanki sun yi aiki a masana'antu. Bompai ce ta fara tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Calawa suka biyo bayan an kafa Jihar Kano cikin 1967, da masaƙu da kamfanonin roba da na jimar fata. A wancan lokaci yaro yakan gama firamare, kawunsa ya kai shi wurin heluma, a ɗauke shi, ya koyi aiki a bakin inji.

Wannan hanya ta ƙuntace. Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, atamfar waje ta cika kasuwar Kwari, masana'antu da yawa suka rufe. Waɗanda suka rage sun fi neman mai takardar shaidar sana'a. Saboda haka zaɓin da yaro zai yi bayan shekara uku a ƙaramar sakandare ya zama babban abu: ko ya bi kimiyya, ko kasuwanci, ko ya tafi makarantar koyon sana'a. Wanda yake son zama injiniya, in ya bar fiziks a aji huɗu, ba zai gane hasararsa ba sai ranar da ya zo cika takardar hukumar jarrabawar shiga jami'a, sa'an nan kuwa shekara uku sun wuce. Uba ɗan katako ba lalle ne ya san wannan ba. Malamin ba da shawara shi ya kamata ya sani, ƙungiyarsa kuma ita ce ke iya matsa wa Ma'aikatar Ilmi ta aiko da shi makaranta, ta ba shi ɗaki, ta rage masa darussan aji. In shugabannin reshe ragwaye ne, ba mai yin wannan magana.

Yadda ake neman muƙami

Shugabancin ƙungiya ba sarauta ba ne. Ba a gadonsa, ba a naɗa masa rawani, yana kuma da wa'adi. 'Yan ƙungiya ne ke jefa ƙuri'a, kowa guda ɗaya, farfesan Jami'ar Bayero da malamar sakandare ta Kumbotso daidai suke a gaban akwati.

Kowace ƙungiya da dokokinta a rubuce, kuma abu na farko ga mai nema shi ne ya karanta su tun daga farko har ƙarshe. Amma al'adar irin waɗannan ƙungiyoyi kusan ɗaya ce. Sai mutum ya zama cikakken ɗan ƙungiya, ba a binsa bashin kuɗin shekara. Sai wani ya gabatar da sunansa, wani kuma ya goyi baya. Akan naɗa 'yan kwamitin zaɓe daga waɗanda ba su neman kome, su tantance sunaye, su ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a.

Mai hankali ba ya fara neman kujerar shugaba. Yakan fara da aikin da kowa ke gudu, kamar rubuta abin da aka tattauna a taro, ko aika takardun gayyata, ko shirya ranar bayanin sana'o'i a wata makaranta. Malaman Hakimai sun fi kowa sanin wannan, gama mai riƙe da littafi shi ya san cikin gida. Sakataren reshe da ya shekara biyu bai ɓatar da takarda ba, ba ya bukatar dogon jawabi ranar zaɓe. Muƙamin ma'aji kuwa a yi hattara da shi. Kuɗin jama'a ko kaɗan ne yana ɓata suna, kuma wanda ba zai iya ajiye rasit na kowane kwabo ba, ya nuna wa masu binciken lissafi ƙarshen shekara, gara ya bar wa wani.

Sai kuma a tuna ba albashi a ciki. Akwai tafiye-tafiye zuwa babban taron shekara, wani lokaci daga aljihun mutum, akwai zama da manyan Ma'aikata wanda ba kullum yake da daɗi ba. Dole ne mai nema ya shaida wa shugaban makarantarsa tun da wuri, domin kada aikin ƙungiya ya cinye lokacin ɗalibai. An sha ganin malami ya zama gwanin taro, ɗakinsa na makaranta kuwa a kulle.

Matsayin Hakimi

In mai nema ya zo gaisuwa, a karɓe shi da mutunci, a yi masa addu'a, kamar yadda za a yi wa abokin takararsa in ya zo gobe. Amma kada malamin Hakimi ya rubuta takarda zuwa ga 'yan ƙungiya cewa Hakimi na tare da wane, kada kuma a kira shugabannin makarantu fada a kan maganar ƙuri'a. Hakimi uban kowa ne, kuma wanda ya faɗi zaɓe zai ci gaba da kula da 'ya'yan talakawansa.

Wannan bai hana Hakimi tambaya ba. Yana iya cewa, "Malam, makarantu nawa ne a ƙasata ba su da mai ba da shawara? Yaushe ka kai ɗalibai Sharaɗa suka ga yadda ake aiki da inji? Ka san manajan da ke karɓar ɗalibai koyon aiki?" Akwai asusun horar da ma'aikata da Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 1971, wanda ke kula da aika ɗaliban manyan makarantu masana'antu, kuma mai neman shugabanci a Kano ya kamata ya san ƙofar ofishinsa. A tambaye shi kuma 'yan mata, ko yana zuwa wurin iyaye in an so cire yarinya daga aji uku.

Bayan an gama zaɓe, malamin Hakimi ya rubuta wa sabon shugaban reshe takardar murna, ya haɗa da sunayen makarantun ƙasar da Dagatai da masu unguwanni suka ce ba su da malamin ba da shawara. Ya ajiye kofe a fayil, domin a duba abin da aka yi in shekara ta zagayo.