Fiffiken aro: me ya sa jirgin feshi ba ya tashi sai da izini

Manoman Damargu sun san ƙaramin jirgin sama fiye da mutanen birni da yawa. Ba shigarsa suke yi ba, ganinsa suke yi yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa gonakin hatsi idan fara ta sauka. Nijar ta ga wannan annoba a shekara ta 1988, ta sake ganinta a 2004, lokacin da farin ɗango suka haɗu da ƙarancin ruwa, yunwa ta biyo baya a 2005. Daga Tanut, wajen kilomita 150 arewa da Damagaram bisa hanyar Agadas, har zuwa Belbeji, wadda ta samu matsayin gunduma a 2011, gonaki suna da faɗin da masu feshi da hannu ba su iya gamawa kafin fara ta gama nata aikin.

Matsalar ita ce jiragen feshi sun tsufa. Ɗaya daga cikin sanannunsu, Cessna 188, an fara ƙera shi a Amurka a 1966, an daina a 1983. Idan fiffikensa ya bugi itace ko ya tsage, samun sabo sai an sha wuya. To, ga wani jirgi a ajiye, injinsa ya mutu amma fikafikansa lafiya lau. Mai hankali zai tambaya: me zai hana a kwance a ɗaura?

Kanikawan jirgi suna da amsa: kama da wane ba wane ba ne. Fiffike shi ke ɗaukar nauyin jirgi duka a sama. A cikinsa igiyoyin tuƙi suke bi, a jiragen da yawa a cikinsa tankin mai yake, a jikinsa kuma ake ɗaura kayan feshi. Kamfanin Cessna da kansa ya ba da misali. Jirginsa mai lamba 170 ya fito a 1948 da fiffike mai rufin ƙyalle. A 1949 aka fitar da 170A mai fiffiken ƙarfe zalla. A 1952 sai 170B, wanda aka ƙara wa girman marfin bayan fiffike, wato abin da matuƙi ke saukarwa don ya sauka a hankali. Wannan sauyi bai tsaya ga fiffike ba, sai da aka gyara wutsiyar jirgin ita ma. Ke nan ko tsakanin ƴan uwa na ciki ɗaya, aron fiffike ba ƙaramin abu ba ne. Kusoshi suna iya shiga ramukansu daidai, amma jirgin ya sake hali a sama, kuma matuƙin da ke tafiya ƴan mitoci kaɗan bisa zangarniya, cikin zafin Damargu da ke rage wa fiffike ƙarfin ɗagawa, ba shi da sararin gyara kuskure.

Saboda haka doka ta shiga tsakani. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda Nijar ke cikinta, ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin lafiyar jiragen da ke cikin rajistarta. Na Nijar su ne masu alamar 5U a jiki, hukumar da ke kula da su kuwa ita ce ANAC, a Yamai.

Abu na farko shi ne duba littafin kayan gyara na maƙerin jirgin. Idan lambar fiffiken tana cikin waɗanda aka yarda wa wannan samfuri, kuma an san tarihinsa, aikin gyara ne kawai: bakanike mai lasisi ya ɗaura, ya sa hannu a littafin jirgi. Idan babu lambar, aikin ya zama babban sauyi, nan ne doguwar hanya take. Ana buƙatar lissafin injiniyoyi da ke nuna mahaɗar fiffike da gangar jirgi za ta jure nauyi. Ga jirgin Amurka, hanya mafi sauƙi ita ce a sami takardar ƙarin izini da hukumar FAA ta riga ta ba wani a kan wannan sauyi, a sayi haƙƙin amfani da ita, a kai wa ANAC ta amince. Bayan an ɗaura, sai a ɗora jirgin bisa sikeli, a gano inda tsakiyar nauyinsa ta koma, a yi tashin gwaji, a gyara littafin matuƙi.

Wani jami'i zai ce takardu sun yi yawa alhali hatsi yana hallaka, kuma ƙorafinsa yana da tushe. Sai dai jirgin da aka sauya ba da izini ba, takardar shaidar lafiyarsa ta faɗi, kamfanin inshora ma yana iya janye hannunsa. Garin gyaran gira a rasa ido. Wannan aiki na makonni ne, wani lokaci watanni, fara kuwa a Damargu tsakanin Agusta da Oktoba take ɓarna. Lokacin duba fikafikai da neman izini shi ne rani, tun jiragen suna cikin rumfa.