Sayen fulat a Dubai: abin da rajista ta ce shi ne naka

Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana sauka a unguwar Deira ta Dubai, yana saro turare da zinare da wayoyi zuwa Kano ko Maraɗi, wata rana zai zauna ya lissafa abin da masauki ya cinye masa. Daga nan tunanin mallakar wuri yake shigowa. Ga kuma tallace-tallace a Facebook da Instagram: dogayen benaye a bakin teku, biya kaɗan-kaɗan, da alƙawarin kuɗin haya mai tsoka. Sha'awar ba laifi ba ce, sai dai cinikin gida a ƙasar wasu yana da ƙa'idojin da suka sha bamban da namu, kuma wanda bai san su ba zai iya zubar da gumin shekaru a zama ɗaya.

A wajenmu, in an ce mutum ya sayi gida, fili ya zama nasa, da katanga da rijiya da bishiyar tsakar gida. Fulat a dogon bene daban yake. Ɗakunanka naka ne kai kaɗai, amma matakala da lif da rufi da farfajiya na kowa ne, kowane mai fulat da kasonsa gwargwadon faɗin wurinsa. Wato mai saye ya shiga tarayya da ɗaruruwan mutanen da bai taɓa gani ba, kuma doka ce kaɗai take riƙe wannan tarayya.

Tambayar farko ita ce: a ina aka yarda baƙo ya mallaka? A 2002 Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gidaje, sannan Doka ta 7 ta 2006 ta tsara lamarin. 'Yan ƙasa da 'yan sauran ƙasashen ƙungiyar yankin Gulf suna iya saye ko'ina. Sauran jama'a kuwa sai a unguwannin da hukuma ta ware, irin su Dubai Marina da Palm Jumeirah da Business Bay da International City. Tsoffin unguwannin kasuwa da mutanenmu suka fi sani, kamar Naif, galibi ba sa cikin jerin. A wasu wuraren ma abin da ake sayarwa haƙƙin amfani ne na shekaru, wanda ba ya wuce 99. Don haka kafin a yi maganar farashi, a tantance ko mallaka ce ta dindindin ko ta wa'adi.

Idan fulat ɗin ginanne ne, ga yadda ciniki yake tafiya. Ana bi ta hannun dillali mai lasisin RERA, hukumar da aka kafa a 2007 don sa ido kan harkar gidaje, kuma kowane dillali na gaskiya yana da lambar da za a iya dubawa. Mai saye da mai sayarwa su sa hannu a takardar yarjejeniya da ake kira Form F, mai saye ya ajiye cakin kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100. Sai a karɓo takardar amincewa daga kamfanin da ya gina benen, wadda ke nuna ba a bin mai sayarwa bashi. Daga ƙarshe a hallara a ofishin rajista da Hukumar Filaye ta Dubai ta amince da shi, a biya kuɗi, a fitar da takardar mallaka da sunan mai saye. Hukumar tana karɓar kashi 4 cikin 100 na farashi, la'adar dillali kuma a al'ada kashi 2 ce, ban da ƙananan kuɗaɗen ofis.

Inda aka fi shan wuya shi ne sayen fulat tun yana kan zane. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma kaso mai yawa na kasuwar Dubai a haka yake gudana. Lokacin durƙushewar tattalin arziki ta 2008 zuwa 2009, farashin gidaje a birnin ya faɗi da kusan rabi, gine-gine da dama suka tsaya cak, masu saye suka rasa tudun dafawa. Dokoki biyu ne garkuwar mai saye a yau. Doka ta 8 ta 2007 ta wajabta wa kowane aikin gini asusun amana a banki, wanda ba a fitar da kuɗi daga ciki sai gwargwadon yadda gini ya ci gaba. Doka ta 13 ta 2008 kuma ta ce dole a shigar da irin wannan ciniki cikin rajistar wucin gadi, wadda ake kira Oqood, in ba haka ba ciniki bai ƙullu ba. Duk wanda ya ce ka zuba kuɗi a asusunsa, ko na wani kamfani daban, ya raba ka da garkuwar ke nan. Manhajar Dubai REST ta Hukumar Filaye tana nuna ko an yi wa aikin rajista da kuma inda ya kai.

Dokar tana da kaifi ta ɗaya ɓangaren ma. Wanda ya gaza biyan kason da ya ɗauka, ana ba shi wa'adin kwana 30. In ya wuce, kamfani zai iya soke ciniki ya riƙe har kashi 25 cikin 100 na darajar fulat idan gini bai kai kashi 60 ba, ko har kashi 40 idan ya haura haka. Mai samun kuɗinsa da naira ya yi dogon nazari a nan, domin dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 kan dala ɗaya. Duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ce a kan bashin da ya riga ya sa wa hannu.

Bayan an karɓi makulli, ɗawainiya ba ta ƙare ba. Kowace shekara akwai kuɗin hidimar bene, na gadi da shara da gyaran lif, ana lissafa shi bisa faɗin fulat, ko akwai ɗan haya ko babu. Doka ta 6 ta 2019 ta ba da damar kai wanda ya ƙi biya gaban alƙali, har a yi gwanjon fulat ɗinsa. Sannan mallakar gida ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Wanda darajar gidansa ta kai dirhami miliyan 2 zai iya neman izinin zama na shekara 10, amma ikon shiga yana hannun masu ƙasa. 'Yan Najeriya sun ga haka lokacin da aka dakatar da ba su biza daga 2022 zuwa 2024.

Kowace ƙasa da nata shingen. A Tailan, dokar benayen tarayya ta 1979 ba ta yarda baƙi su mallaki fiye da kashi 49 cikin 100 na faɗin fulat-fulat ɗin bene guda ba, kuma sai an nuna shaidar banki cewa kuɗin daga waje ya shigo. Sayen fili da sunan ɗan ƙasa don kauce wa doka laifi ne a can.

Wannan batu na aron suna shi ya fi damuna. Kasuwancinmu a kan amana ya ginu, magana ɗaya takan ɗauki kaya na miliyoyi, kuma abin alfahari ne. Amma hukumar filaye a ƙasar waje ba ta san amanar da ke tsakaninka da abokinka ba, sunan da ke cikin rajista kawai ta sani. Ranar da ɗayanku ya kwanta dama, marayu ne za su tsaya gaban kotun da ba su jin harshenta, ba su da ko takarda ɗaya a hannu. Wanda Allah ya hore wa, ya nemi lauya na kansa, ya saya da kuɗin da zai iya bayyana asalinsu, ya sa sunansa, ya adana takardu, sannan ya sanar da magadansa inda suke tun yana da rai.