Amsoshin Takardunku: Me Ya Kawo Mata Cikin Binciken Yaƙi Da Zaman Lafiya?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Katsina. Bayan gaisuwa yana cewa: "'Yata tana jami'a, ta dawo hutu ta ce mini wai tana bincike a kan zaman lafiya da rikici da halin da mata suka shiga a zamanin Turawa. Ni nake biyan kuɗin makaranta. Don Allah ku gaya mini, wannan karatu ne na gaske? Kuma me ya haɗa mata da zancen yaƙi?"

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan takarda taka, Allah Ya bar zumunci. Karatu ne na gaske, kuma ya haura shekara ɗari. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, aka fara koyar da siyasar ƙasa da ƙasa a matsayin fanni mai zaman kansa a jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya, don a gano abin da ke jefa ƙasashe cikin yaƙi. A 1959 kuma wani masani ɗan ƙasar Norwe, Johan Galtung, ya jagoranci kafa cibiyar binciken zaman lafiya a birnin Oslo. Shi ne ya yi suna da bambanta abu biyu: shirun bindiga daban, zaman lafiyar da aka gina a kan adalci daban. Garin da ba a harbi amma manomi ba ya iya zuwa gonarsa, ai ka san ba a ce masa lafiya lau.

Zancen mata daga baya ya shigo. Shekaru da dama littattafan wannan fanni ba su san kowa ba sai shugabanni da janar-janar da jakadu. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 wasu malamai mata, irin su Cynthia Enloe ta Amurka, suka matsa a kan cewa wanda ya bar mata a waje, rabin labari ya ji. Maimakon mu cika ka da sunayen malamai, bari mu ba ka misali guda daga nan gida Nijeriya.

Ka san da Turawa suka ci Arewa sun tarar da sarakuna da hakimai da alƙalai, ga haraji ga jangali tun kafin zuwansu, sai suka yi mulki ta hannun waɗanda suka tarar. A ƙasar Ibo abin ba haka yake ba. Yawancin garuruwa ba su da sarki guda mai faɗa a ji, taron gari ne ke yanke magana. Sai Bature ya riƙa ɗauko mutum ya ba shi takardar izini da hula, ya ce daga yau kai ne sarki, kai ne mai zama a kotu. Da yawansu suka mai da kotun wurin cin hanci da ƙwace.

Aka ƙidaya maza ba tare da an fito fili an gaya musu dalili ba, sai ga haraji ya biyo baya a 1928. A 1929 kuma farashin manja da ƙwarar kwakwa ya faɗi warwas, ga shi da su mata ke cin kasuwa. Ana cikin wannan ƙunci, a watan Nuwamba, wani sarkin takarda mai suna Okugo a garin Oloko ya aiki mutum ya sake ƙidaya, har da mata da dabbobi. Ɗan aiken ya tarar da wata mata, Nwanyeruwa, tana matsar manja, ya ce ta ƙirga masa awakinta da tumakinta da mutanen gidan. Ita kuwa ta mai da masa da tambaya, ko an taɓa ƙirga uwarsa. Cacar baki ta kai ga kokawa, ta fita da gudu ta kai kuka wurin 'yan'uwanta mata.

Nan ne inda masu bincike suka fi tsayawa. Matan nan suna da tarukansu na kasuwa da na dangi, inda suke sa doka, su yanke tara. Suna kuma da wata tsohuwar al'ada ta hukunta namijin da ya wuce gona da iri, kamar wanda ya ci zalin matarsa, ko ya karya dokar kasuwa, ko ya saki shanunsa suka cinye amfanin gonar mata. Sai su taru su yi masa zaman dirshan a ƙofar gida, da rawa da waƙoƙin zambo, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare, dare da rana, har ya ba da haƙuri. In ya yi taurin kai a yaye masa jinka. Sauran maza ba sa shiga, don kowa ya san shi ya jawo wa kansa.

Abin da suka yi wa Okugo ke nan. Suka aika da ganyen kwakwa ƙauye zuwa ƙauye, alamar a zo a taimaka, mata suka yi ta ɓullowa. Di'o ya ga ba dama, aka tuɓe Okugo, aka yi masa shari'a aka ɗaure shi shekara 2. Labari ya bi kasuwanni, kafin ka ce kwabo ya game lardunan Owerri da Kalaba, matan Ibo da na Ibibiyo da maƙwabtansu dubbai suka fito, fuska shafe da gawayi, kai ɗaure da ganye. Suka far wa kotuna 16, suka saki fursunoni, a garin Aba aka fasa kantunan Turawa. A watan Disamba soja da 'yan sanda suka buɗe wuta a Abak da Utu Etim Ekpo da Opobo. Mata fiye da 50 suka mutu. Su matan ba su kashe kowa ba.

A takardun gwamnati an rubuta abin da sunan "tarzomar Aba". Su kuwa mutanen ƙasar "Yaƙin Mata" suke kiransa. A 1972 wata malama Ba'amurkiya, Judith Van Allen, ta koma kan bayanan kwamitin binciken da aka kafa a 1930, wanda ya saurari ɗaruruwan shaidu, ta nuna cewa bambancin sunan nan ba ƙaramin abu ba ne. Turawan sun fito daga ƙasar da a lokacin ake ganin siyasa ba ta mace ba ce, don haka ba su taɓa lura matan Ibo suna da majalisa da hanyar hukunci ba. Da suka ga taron, wasunsu har zargi suka yi cewa maza ne ke zuga su ta bayan fage.

Abin takaicin yana gaba. Gwamnati ta yi gyara, zuwa 1933 aka rushe tsarin sarakunan takarda, ba a kuma ɗora wa matan haraji ba. Amma sababbin kujerun kusan duk maza aka ba, sannan aka hana kowa ɗaukar hukunci a hannunsa in ba ta kotu ba, wanda ya sa zaman dirshan ɗin ya zama laifi. Matan suka ci yaƙi, suka rasa makaminsu. A ganinmu wannan shi ne babban amfanin irin karatun 'yarka, domin wanda ya tsaya a rahoton Di'o kaɗai ba zai taɓa ganin wannan asara ba.

Irin wannan makanta ba ta tafi tare da Turawa ba. Wani nazari na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba manyan shawarwarin sulhu 31 tsakanin 1992 da 2011, ya tarar mata kashi 4 ne kacal cikin ɗari na masu sa hannu, alhali tun watan Oktoba na 2000 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya nemi a riƙa damawa da su. A Laberiya da kansu suka ƙwaci wurin. A 2003 matan Kirista da Musulmi, sanye da fararen kaya, suka bi shugabannin yaƙi har birnin Akra na Ghana, da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa suka tare ƙofofin zauren taro suka ce ba mai fita. A watan Agusta aka sa hannu a yarjejeniya. Jagorarsu Leymah Gbowee tana cikin mata uku da aka ba kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2011.

Amma kada a ce mun ce duk mace mai sulhu ce, masu binciken ma ba su yarda da haka ba. A 2011 ɗin dai kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami Pauline Nyiramasuhuko, tsohuwar ministar harkokin iyali da mata ta Ruwanda, da laifin hannu a kisan ƙare dangi na 1994.

In kuwa zancen aiki ne ke ranka, masu wannan karatu suna shiga ma'aikatar harkokin waje, da ƙungiyar ECOWAS, da ƙungiyoyin agaji, da kwamitocin sasanta manoma da makiyaya. Gwamnatin tarayya ma tana da cibiyar nazarin zaman lafiya da sasanta rikici a Abuja tun shekara ta 2000. In ta sake dawowa hutu, ka ce ta ba ka labarin Nwanyeruwa, ka rubuto mana abin da ta ƙara a kan namu.