ELKANAH ONYEALI: ƊAN ƘWALLON FATAKWAL DA YA FIFITA KARATU A INGILA

Duk wanda ya zaga unguwannin Hausawa na Fatakwal, ko Anaca, ko Obiagu a Inugu da yamma, zai tarar da yara suna buga tamaula, kowannensu burinsa wata rana ya buga a Ingila. To, amma kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa wani ɗan Fatakwal ya riga su taka wannan hanya tun shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai. Sunansa Elkanah Onyeali.

An haifi Onyeali a 1939, ya yi suna a ƙulob ɗin Fatakwal, har aka ɗauke shi cikin 'yan wasan ƙasa. A 1959, ranar da Nijeriya ta lallasa Dahome, watau Jamhuriyar Binin ta yanzu, da ci 10 da 1, shi kaɗai ya jefa huɗu a raga.

A 1960 ya tafi Ingila. Ba ƙwallo ce ta kai shi ba, karatu ya je yi a kwalejin koyon sana'a ta Birkenhead, garin da kogi ya raba shi da Liverpool. Ƙulob ɗin garin, Tranmere Rovers, wanda ke aji na uku a lokacin, ya ɗauke shi wasa. Cikin wasanni 13 na gasar 1960 zuwa 1961 ya ci ƙwallo 8. Kafinsa Teslim Balogun, wanda ake yi wa laƙabi da Thunder, ya buga wa Queens Park Rangers a 1956, amma baƙar fata a filayen Ingila a wancan zamani ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai an ce ba a gudu ana susar takashi. Onyeali ya sa karatu a gaba, ƙulob kuwa yana son ɗan wasan da zai ba shi dukkan lokacinsa. Da aka canja manaja sai aka sallame shi, duk da ƙwallayen da ya ci. Tranmere kuma ta faɗa aji na huɗu a ƙarshen gasar. Shi kuwa ya ci gaba da taɓa wasa a ƙananan ƙulob-ƙulob, irin su Prescot Cables.

Mai karatu zai iya cewa ya yi wauta. A tuna fa, har zuwa Janairun 1961 ƙa'ida ta hana a biya ɗan ƙwallo a Ingila fiye da fam 20 a mako, kome gwanintarsa. Ga kuma abin da ya sami Arthur Wharton, haifaffen Ankara ta ƙasar Gana, wanda ake ɗauka shi ne baƙar fata na farko da ya mai da ƙwallo sana'a a Ingila, a 1889. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya koma leburanci a mahaƙar kwal, ya mutu cikin talauci a 1930. Kabarinsa bai sami ko alama ba sai a 1997.

Onyeali ya rasu a 2008. Yau kam 'yan ƙwallon Ingila suna kwasar kuɗi masu yawa, amma har gobe karaya ɗaya tana iya raba yaro da sana'ar. Saboda haka iyayen da 'ya'yansu ke kwana da tamaula, su tabbata jakar makaranta ba ta zama turken gola ba.