Suna Ɗaya, Manufa Ɗaya: Obalodin a Shirya Manhaja

Mai koyon harshen Java tun ranar farko yake amfani da obalodin, wato raɗa wa umarni fiye da ɗaya suna guda, ko da bai taɓa jin sunan ba. In ya ba umarnin println lamba, sai ta fito a allo. In ya ba shi jimla, ita ma ta fito. Zai zaci umarni ɗaya ne, alhali guda 10 ne a cikin ajin PrintStream, sunansu ɗaya, kowanne da irin abin da yake karɓa. Kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa abin da na'ura ke ganewa, ita ke duba yawan abubuwan da aka miƙa da nau'insu da jerinsu, ta zaɓi wanda ya dace tun kafin a kunna shirin. In kuwa bambancin bai wuce nau'in amsar da ake mayarwa ba, ƙin karɓa take yi.

Wannan sauƙi don mutum aka yi shi, na'ura ba ruwanta da suna. A harshen C, mai son cire alamar ragi daga lamba sai ya haddace abs da labs da fabs, kowanne da nau'in lambarsa. Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995, ya tattara su a Math.abs kawai.

Masu suka na cewa abin na jawo ruɗani, kuma suna da hujja. Waɗanda suka tsara harshen Go da gangan suka ƙi saka shi, a Python kuwa in umarni biyu suka zo da suna ɗaya, wanda aka rubuta daga baya ne ke shafe na farko. Misalin da ya fi ƙarfafa musu gwiwa ma a cikin Java yake: a jerin lambobi na List, remove(1) abin da ke gurbi na biyu yake cirewa, ba lambar 1 ba, tunda daga sifili ake fara ƙirga, kuma kamfaila ba za ta ce uffan ba. Sai dai in aka lura, laifin na masu raɗa sunan ne. Cirewa ta gurbi daban, cirewa ta ƙima daban, aka cusa su a suna ɗaya. Goman nan na println kuwa duk bugawa a allo suke yi, shi ya sa ɗalibi ke shekara da su bai ko san goma ba ne.