Sanƙarau mai kama masu sida: dalilin da ya sa ake haɗa magunguna uku

A jihar Difa, da an ce sanƙarau, hankalin jama'a kan koma ga wanda ke ɓarkewa lokacin zafi, wanda ake yi wa allurar rigakafi. Amma akwai wani nau'in da wannan allura ba ta karewa. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Kiriptokokus ke kawo shi, dangin yis, kamar wadda ke kawo ƙyasbi a fata. Ana samun ta a kashin tattabara da ruɓaɓɓen itace, mutum ya shaƙe ta da ƙura. Ba a ɗaukar ta daga wani mutum, kuma mai ƙarfin jiki da wuya ta kayar da shi. Wanda sida ta raunana wa garkuwar jiki kuwa, takan bi jininsa har ƙwaƙwalwa.

An ƙiyasta cewa a shekarar 2020 cutar ta kashe mutum kusan 112,000 a duniya, akasarinsu a Afirka.

Shekara da shekaru, asibitocin Afirka da dama ƙwayar fluconazole kaɗai suke da ita, ita kuma ba ta kashe cutar da sauri. Shi ya sa likitoci suka koma haɗa magunguna, kowane da aikinsa. Amphotericin B yana huda fatar ƙwayar cutar. Flucytosine yana shiga cikinta ya hana ta hayayyafa, amma idan aka ba da shi shi kaɗai, nan da nan cutar ke daina jin sa. Fluconazole kuma yana hana ta gina sabuwar fata.

Wani gwaji mai suna AMBITION, wanda aka yi kan majinyata fiye da 800 a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, ya jarraba ba da sabon samfurin amphotericin sau ɗaya tak ta ƙarin ruwa, tare da ƙwayoyin flucytosine da fluconazole na kwana 14. Cikin mako 10, kusan kashi 25 cikin 100 suka rasu, yayin da aka rasa kusan kashi 29 cikin waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa na kwana 7. Illar maganin ga ƙoda da jini ma ta ragu. A shekarar 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar a fifita wannan tsari.

Bayan kwana 14, majinyaci zai ci gaba da shan fluconazole na mako 8, sannan a rage yawansa har garkuwar jikinsa ta farfaɗo. Ana kuma jinkirta fara maganin sida mako 4 zuwa 6, domin gaggawa na iya ƙara kumburi a ƙwaƙwalwa.

Ga mazauna Gagamari da sauran garuruwan bakin Komadugu, babban haɗarin shi ne jinkiri. Ciwon yakan fara a hankali: ciwon kai na kwanaki, zazzaɓi, amai, sanƙarewar wuya, ruɗewa. Sau da yawa a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a sayi magani a kasuwa. Mai ɗauke da sida da ya ji haka, musamman wanda ya dakatar da maganinsa, ya garzaya cibiyar lafiya mafi kusa, domin a tura shi babban asibitin jiha da ke Difa idan da bukata. Gwajin jini ko na ruwan ƙashin baya ne ke tabbatar da cutar.